Kafin Ka Taɓa Katin Farko

Zuwa ga ƙannena da 'ya'yana mazauna Riyad, waɗanda aka haifa a nan da waɗanda neman ilimi ko neman halal ya kawo.

Duk wanda ya kwana biyu a garin nan ya san wasan kartar balot. Daren Alhamis a istiraha, wato gidan shaƙatawa, ko cikin tanti a Sumama idan sanyi ya shigo, da wuya ka rasa mutum huɗu sun kewaye darduma, gahawa da dabino a gefe, wannan yana kiran san, wancan yana kiran hukum, har dare ya raba. A watan Afrilun 2018 hukumar wasanni ta ƙasar nan ta fito da wasan fili, ta shirya gasar balot ta farko a Riyad, mutum sama da 12,000 suka shiga. Watanni kaɗan kafin nan, a Disambar 2017, birnin ya karɓi baƙuncin gasar duniya ta shaɗaranji mai sauri, inda Viswanathan Anand na Indiya da Magnus Carlsen na Norwe suka ɗauki kambu. Wasannin ƙwaƙwalwa sun sami wurin zama a nan, kuma yaranmu da yawa suna ciki. Tunda kuna ciki, ina so ku tashi daga darduma da abin da ya fi ihu da dariya.

Bari in fara kafa shinge. Duk wasan da aka zuba kuɗi a kansa, wani ya kwashe na wani, caca ne, kuma aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta jera caca a layi ɗaya da giya. Wannan babu ja a cikinsa. Ko babu kuɗi ma, malamai da dama, har da manyan malaman ƙasar nan, sun hana karta saboda cin lokaci da shagaltarwa daga salla. Wasu sun sassauta da sharuɗɗa. Shi ya sa muhawara ta tashi lokacin da aka ga Shaihu Adil al-Kalbani a wajen buɗe gasar 2018. Hukunci na malamai ne, kowa ya tambayi nasa. Wanda bai taɓa karta ba, ba na kiransa gare ta, darasin da ke tafe zai amfane shi ko a takarda kawai ya karanta. Wanda kuma yake yi, to ba kuɗi, ba rantsuwa, ba zagi, idan ladan ya kira salla a kife katuna a tashi.

Wasan da nake so mu duba shi ne birij. Shi ma na mutum huɗu ne, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokinsa. Balot kati 32 ne, kowa takwas. Birij kati 52 ne, kowa 13. Iri huɗun nan ne da kuka sani: sabit, has, diman da shiriya. As ne babba, sai Sarki, sai Sarauniya, sai Yaro, sannan 10 har zuwa 2. Ɗan balot ya kula, a nan 10 tana ƙarƙashin Yaro, kuma Yaron hukum da 9 ba su da wata sarauta ta musamman. Ba a ƙirga maki a jikin katunan da aka ci, zagayen da ka ci ake ƙirgawa, kuma zagaye 13 ne. Da farko ana tayi. Ɓangaren da tayinsa ya fi tsada shi ya ɗauki kwangila: ya yi alkawarin cin zagaye kaza, da hukum kaza, wato irin da ke yanke sauran, ko a san, inda babu hukum. Shida na farko ba a faɗarsu, saboda haka kwangilar 3 san alkawarin ci tara ce, ta 4 sabit kuwa ci goma. Tsarin lissafin da ake bi yau Harold Vanderbilt, wani attajirin Amurka, ya tsara shi a cikin jirgin ruwa a 1925. An kafa hukumar birij ta duniya a 1958, kuma a 2018 wasan ya shiga gasar wasannin Asiya a Jakarta. Larabawa sun san shi ta hanyar Omar Sharif, ɗan fim ɗin Masar da ya yi suna a teburinsa, Zia Mahmood kuma ya kai Pakistan wasan ƙarshe na gasar duniya a 1981.

Abin da ya sa na zaɓe shi lokaci ɗaya ne tak da babu irinsa a balot. Bayan an gama tayi, wanda ke hagun ɗan kwangila zai jefa katin farko. Nan take abokin ɗan kwangila zai baje katunansa 13 a fili kowa ya gani, ya koma gefe ya yi shiru. Wannan hannun da aka baje shi za mu kira shimfiɗa. Daga nan ɗan kwangila shi kaɗai ke sarrafa kati 26, nasa da na shimfiɗa. Yana ganin rabin duniyar wasan da idonsa, rabin yana ɓoye a hannun abokan hamayya biyu. A daidai wannan lokaci ake gane gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo hannunsa ya riga tunaninsa, tun kafin a gama jera shimfiɗa ya fizgi kati. Gwani sai ya tsaya minti ɗaya ko biyu, ko da katin da zai jefa ɗaya ne tilo, domin ba katin yake tunani ba, wasan gaba ɗaya yake tsarawa. Malaman birij sun daɗe suna nanata cewa kwangiloli masu yawa a zagayen farko suke mutuwa, sai dai mai su ba ya sani sai a na goma.

A cikin wannan tsayuwa, tambaya huɗu yake yi wa kansa. Nawa na yi alkawari, nawa kuma nake da su a hannu tabbas? Ragowar daga ina za su fito? Wane ne cikin mutum biyun nan zai iya karya ni idan jagora, wato damar fara jefa kati, ta faɗa hannunsa? Ta wace ƙofa zan riƙa shiga tsakanin hannuna da shimfiɗa? Mu ɗauki hannu ɗaya mu bi shi daki-daki.

Kai ne a Kudu, ka ɗauki kwangilar 3 san. Yamma, wanda ke hagunka, ya jefa Sarkin sabit. Abokinka na Arewa ya baje nasa:

Shimfiɗa: sabit 7, 4, has Sarki, 6, 3, diman As, Yaro, 10, 8, 5, shiriya 9, 6, 2.

Hannunka: sabit As, 6, 3, has As, 8, 4, diman Sarki, 9, 4, shiriya As, Sarki, 7, 3.

Fara da ƙidaya. Sabit ɗaya, has biyu, diman biyu, shiriya biyu: bakwai ke nan da ba mai ƙwace maka. Alkawarinka tara, saura biyu. Ina za su fito? Diman. Kuna da takwas tsakaninku, Sarauniya ce kaɗai babbar da ta ɓace. Ko ta ci zagaye ɗaya, huɗu naka ne, kuma huɗun nan sun cika maka tara. Har nan lissafi ya yi daɗi, kuma a nan ne mai gaggawa yake tsayawa da tunani. Sai ya danne Sarkin sabit da As, ya juya kan diman yana cankar inda Sarauniya take. Idan ya canka daidai, ya tsira. Idan ya kuskure, duk wanda ya ci da ita zai dawo da sabit, kuma As ɗin da ke tare hanya ya riga ya tafi.

Dubi haɗarin da kyau. Sabit takwas ne a waje. Rabuwar da ta fi yawan faruwa ita ce biyar da uku, kusan kashi 47 cikin 100. Huɗu-huɗu kusan kashi 33 ne. Wanda ya buɗe da Sarki kuwa yakan kasance da Sarauniya da Yaro a bayansa, kuma galibi shi ne mai dogon hannu a wannan iri. Idan Yamma yana da biyar, za su ci sabit huɗu su haɗa da Sarauniyar diman, biyar ke nan. Zagaye 13 ne duka, an cire biyar saura takwas. Kwangila ta karye da ci ɗaya.

To mene ne magani? Ka bar masa Sarkin ya ci. Ya sake jefo sabit, ka sake bar masa. Sai a zagaye na uku ka sa As, ka yar da ƙaramar shiriya daga shimfiɗa, kada ka taɓa diman ko ɗaya. Da idon ɗan koyo ka yi asarar ci biyu a banza. Amma lissafa abin da ka saya da su: idan Yamma biyar gare shi, Gabas uku gare shi, kuma yanzu ukun sun ƙare. Igiyar da ke tsakaninsu ta tsinke. Yamma yana riƙe da sabit biyu masu ci, amma sai jagora ta zo hannunsa za su yi masa amfani. Shi ne mai haɗari. Gabas kuwa ko ya ci, ba shi da abin da zai miƙa wa abokinsa.

Yanzu tambayar ta sauya. Ba ka bukatar sanin inda Sarauniyar diman take. Abin da kake bukata shi ne, idan har za ta ci, ta ci a hannun Gabas. Sai ka jefa Sarkin diman, shimfiɗa ta bi da 5. Sannan ka jefa 9 daga hannunka. Yamma ne zai bi, kafin shimfiɗa. Idan Sarauniya tana wurinsa ya sako ta, As na shimfiɗa ya hau kanta. Idan ya ɓoye ta, ka sa 8, 9 ɗinka ta wuce lafiya, ka maimaita tarkon da 4. Idan kuwa Gabas ne mai ita, ya ci, babu laifi. Ba shi da sabit. Duk abin da ya jefo, has ko shiriya, kana da babba a ciki. Ka karɓa, ka bi ta 4 ɗin diman ka shiga shimfiɗa, As da Yaro da 10 suna jiranka. In kuma ka ga ya fito da sabit, to rabuwar huɗu-huɗu ce tun asali: sabit uku da diman ɗaya, huɗu ke nan, tara ɗinka suna nan daram.

Ka ga bambanci? Katuna ɗaya, mutum biyu. Na farko ya jingina kwangilarsa ga canka. Na biyu ya sadaukar da abin da zai iya rasawa domin ya tsare abin da ba zai iya rasawa ba, ya wayi gari Sarauniya ko tana dama ko tana hagu, shi dai ya cika alkawari. Sannan tsari ba gunki ba ne. Da a wajen tayi Gabas ne ya nuna yana da dogon sabit, da sai ka juya tarkon: ka ci da As na shimfiɗa, ka jefo Yaro daga can, ka bar shi ya wuce zuwa Yamma. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Abin da ba ya sauyawa shi ne tambayar: wa nake tsoron ya karɓi jagora?

Maganar ƙofa ita ma tana kashe kwangiloli da yawa. A ce shimfiɗa tana da shiriya shida, As, Sarki, 6, 5, 3, 2, ba ta da wani babban kati a sauran irin, kai kuma 7 da 4 kawai gare ka. Zuciya za ta ce ka ci As da Sarki tukuna, ka ba da na uku, ragowar ukun su zama naka. Za su zama naka, amma ta ina za ka kai gare su? Shiriyarka biyu sun ƙare. Ka zama mai hatsi a rumbu wanda makullinsa ya faɗa rijiya. Gwani ƙarami yake jefawa daga hannu biyun a zagayen farko, ya bar su su ci. Idan jagora ta dawo masa yana da sauran shiriya ɗaya. Ya bi ta ya shiga, As da Sarki su share abin da ya rage a waje, ya kwashe biyar a jere. Kati biyar da ke waje sukan rabu uku da biyu kusan kashi 68 cikin 100. Cin da zai rasa ɗaya ne ko ta yaya. Hikimar ita ce ya rasa shi da wuri, lokacin da ƙofa take buɗe.

Haka kuma jerin abin da za ka fara da abin da za ka jinkirta yana da lissafi. A ce ci ɗaya ya rage maka, kuma hanya biyu gare ka. Ta farko, kana da As, Sarki, Sarauniya da 4 na diman, shimfiɗa tana da ƙanana uku. Idan shidan da ke waje sun rabu uku-uku, 4 ɗinka ta zama mai ci, kuma hakan yakan faru kusan kashi 36 cikin 100. Ta biyu, tarkon As da Sarauniya a kan Sarkin shiriya, wanda rabi da rabi ne. Mai kallon lamba kawai zai ce 50 ta fi 36, ya tafi kan tarko. Idan ya faɗi, abokan hamayya sun karɓi jagora, wataƙila ba zai sake samun damar gwada diman ba. Mai tsari diman yake fara gwadawa, domin gwajin ba ya ba kowa jagora. In sun rabu daidai, an gama. In ba su rabu ba, tarko yana nan yana jira. Hanyoyin biyu a haɗe sun kai kusan kashi 68. Ka fara da abin da in ya ƙi bai rufe maka ɗaya hanyar ba.

A kwangilar hukum kuma ƙidayar ta juya: abin da za ka rasa kake ƙirgawa. Ka ɗauki 4 sabit, an yarje maka rasa uku. Ka duba ka ga huɗu. Dole ɗaya ya sami mafita, ko a yanke shi da hukum na shimfiɗa, ko a yar da shi a kan wani kati mai ci. An koya wa kowa ya fara zare hukum daga hannun abokan hamayya, kuma galibi daidai ne. Amma idan hukum ɗin shimfiɗa ne za su yanke maka has biyu marasa ƙarfi, ka zare su da hannunka, ka kashe masu ceton ka. Ƙa'ida tana da amfani ga wanda ya san dalilinta. Wanda ya haddace ta kawai, ranar da ba ta dace ba ita za ta kayar da shi.

Sai sauraro. Masu birij suna auna ƙarfin hannu da maki: As 4, Sarki 3, Sarauniya 2, Yaro 1, duka 40 a cikin karta. Yawanci mai maki 12 yakan buɗe tayi. To idan mutum ya sami damar buɗewa ya yi shiru, daga baya ka ga Sarki da Sarauniya da Yaro na sabit sun fito daga hannunsa, ga kuma As na has, maki 10 ke nan. Sarauniyar da kake nema da wuya ta kasance wurinsa, domin da ita da ya kai 12 ya yi magana. Shirun da ya yi tun farko ya gaya maka abin da bakinsa bai faɗa ba. 'Yan balot na ƙwarai sun san wannan: wanda ya ƙi sayen hukum a zagayen farko ya ba da labarin hannunsa. Wannan kuwa daban yake da leƙen katin wani ko yi wa aboki ishara da ido ko tari. Na farko basira ce, na biyu ha'inci. A 2015 ɗan wasan Norwe Boye Brogeland ya fito fili da zargin musayar ishara a kan wasu fitattun 'yan wasan duniya, aka yi bincike, aka dakatar da wasu, sunan da suka shekara suna ginawa ya zube.

Akwai wani abu a gasar birij da nake so ku riƙe. Ba a barin sa'a ta yanke hukunci. Katunan da aka raba a wannan tebur, su za a kai wa tebur na gaba yadda suke, a gwada sakamakonka da na waɗanda suka riƙe hannu irin naka sak. Ba a tambayar ko an ba ka katuna masu kyau. Abin da ka yi da waɗanda aka ba ka ake dubawa. Kuma ko a nan, wani lokaci mai canka ya dace, mai lissafi ya faɗi. Hanyar da ke cin kashi 68 tana faɗuwa kashi 32. Kada nasarar dare ɗaya ta sa ka raina tsari, kada kuma faɗuwar dare ɗaya ta sa ka yi watsi da shi. A auna shawara da abin da mai ita ya sani lokacin da ya yanke ta.

Yanzu ku ajiye katunan, ƙannena, mu yi maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Kowannenku ɗan kwangila ne. Ranar da ka sauka a filin jirgin Sarki Khalid, ko ranar da ka karɓi takardar shiga Jami'ar Sarki Sa'ud ko ta Imam Muhammad bin Sa'ud, ko ka sa hannu a takardar aiki, ka yi alkawari: ga iyayenka, ga iyalinka, ga kanka. Na ga matasa masu kaifin basira da suka jefa katin farko ba su ƙirga komai ba. Albashin farko ya tafi a waya da sutura, shekarar farko ta tafi a hira, sai da wa'adi ya kusa suka fara tambayar nawa ya rage. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka zauna da takarda da biro ka yi wa kanka tambayoyin nan huɗu. Me na zo nema, kuma mene ne tabbas a hannuna? Shekarun karatu ko na aiki ƙididdigaggu ne. Mukafa'a, wato alawus ɗin ɗalibi, ko albashi sananne ne. Abin da wani ya yi maka alkawari da baki ba ya cikin lissafi sai ya shigo hannu. Ragowar daga ina? Daga Larabcin da za ka ƙware a kansa tun kana cikin masu shi, daga sana'ar da za ka koya, daga ajiyar da za ka riƙa yi kowane wata komai ƙanƙantarta. Ina mai haɗari? Kowa ya san nasa: bashin da ke haihuwa, igamar, wato izinin zama, da aka bari wa'adinta ya wuce, abokin da ya zo da harkar da za ta ninka kuɗi cikin wata guda, aikin da ya saɓa wa dokar ƙasar da kake baƙo a cikinta. Akwai asarar da za ka iya ɗauka ka ci gaba, akwai wadda in ta same ka wasan ya ƙare. Ka yarda da ta farko domin ka kauce wa ta biyu. Ina ƙofa? Mutane nawa ne suka yi shekaru suna aika kuɗin gini Kano ko Maraɗi ba takarda da sunansu, ba shaida, suka koma suka tarar ba su da hanyar shiga abin da guminsu ya gina? Nawa ne suka gama karatu ba su kammala tantance takardunsu ba, ko suka yanke zumunci da mutanen gida har suka koma baƙi a garinsu? Ƙofa tun kana nesa ake tsare ta.

Ka koyi jinkirta As ɗinka. 'Yar ajiyar da ka tara ita ce mai tare maka hanya ranar ciwo ko ranar da aiki ya tsaya. Ba kowace bukata ta farko ce za ka danne da ita ba. Haka maganarka mai nauyi, haka fushinka, haka alfarmar da wani babba zai iya yi maka sau ɗaya. Ka kuma koyi zama da aboki. A birij wanda ya baje katunansa ya miƙa amanarsa ga ɗan'uwansa, ya yi shiru ko da yana ganin kuskure. Bayan wasa a tattauna cikin mutunci. Wanda ke tsawata wa abokinsa a gaban mutane ya rasa abu biyu, wasan da abokin.

Kada wani ya ce maka tsari kishiyar tawakkali ne. Tirmizi ya ruwaito yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Rabon da aka ba ka ba kai ka zaɓa ba: gidan da aka haife ka, ƙarfin aljihun mahaifinka, ƙasar da fasfonka ya fito. Abin da ke ɓoye a gobe ma ba naka ba ne. Naka shi ne abin da ke shimfiɗe a gabanka, da hankalin da Allah ya ba ka ka auna shi. Idan ka yi iyakar lissafinka abin ya ƙi, ka ce haka Allah ya ƙaddara, zuciyarka a sake. Idan kuwa gaggawa ce ta kayar da kai, kada ka ɗora wa ƙaddara laifin da yake naka.

Saboda haka ina roƙonku, kafin ku sa hannu a takarda, kafin ku ci bashi, kafin ku aika kuɗi, kafin ku ba da amsar aure ko ta kasuwanci, ku tsaya. Ku ƙirga abin da ke hannu, ku nemi inda ragowar za ta fito, ku gane mai haɗari, ku tsare ƙofa, ku yi shawara da manya, ku yi istihara, sannan ku motsa. Masu gaggauta ku ba su za su biya asarar ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku abin da kuka fito nema ta hanyar halal, ya mai da ku gida lafiya da mutuncinku.